Tukunyata Ba Za Ta Bi Ki Katabu Ba

Unguwar Shanu, Kaduna

Zuwa ga 'yata Rahila,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya kai mu Asabar lafiya a ɗaura aurenku ke da Iliya, ya tsare ku a hanyar Katabu, ya tsare ku a gidan da za ku shiga, ya ba ku maƙwabta na kirki irin waɗanda muka samu a nan. Babanki ma ya ce in gaishe ki, ko da yake yana falo kina ɗaki kina ɗaure kaya, kuma da ya ɗaga murya kaɗan da kin ji shi.

Na san za ki yi dariya, wai uwa ta rubuta wa 'yarta wasiƙa alhali rufi ɗaya ya rufe su, kuma Katabu mota ɗaya ce daga Kawo. Dalili shi ne duk lokacin da na buɗe baki sai ki ce "To, Mama," ƙafarki ɗaya a waje, wayarki tana ƙara, wani yana jiranki a wani wuri. Takarda dai za ta jira har ki zauna, in kina zama.

Jiya kina wurin aiki matan zumuntar cocinmu suka zo. Mama Jummai, shugabarsu, ita ce a gaba, tare da mata biyu daga cocin Katabu inda aka tura Iliya ya zama fasto. Suka sha kunun aya, suka yaba labulena, sannan suka iso ga abin da ya kawo su. Babbar tukunyata suke so, wadda na yi shekaru ina dafa abincin taro a cikinta, wai a sa ta cikin kayan aurenki. Mama Jummai ta ce, "Ai Rahila ta gaje ki, Maman Rahila. Hannunki ne sak. Mutanen Katabu sun yi sa'a." Ɗaya daga cikin baƙin ta ce sun riga sun gama tsara komai. Za ki riƙe makarantar Lahadi da zumuntar mata, girkin baƙi naki ne, ziyarar marasa lafiya ma taki ce tunda ke nas ce, sai kuma shirya burodi da abin sha na Jibin Ubangiji duk farkon wata. Ta ce Lahadin farko bayan biki dattawa za su tsayar da ke gaban ikilisiya su ji amsarki. Na ce, aikinta na asibiti fa? Ta ce, "Ai Ubangiji zai ba da ƙarfi."

Na daɗe da lura cewa masu faɗin wannan magana, kullum ƙarfin wani suke nufi.

Na gaya musu tukunya tana inda take, kuma nan za ta zauna. Mama Jummai ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Na bar ta da dariyarta. Abin da ya hana ni sukuni tun jiya shi ne na san amsar da za ki bayar ranar Lahadin nan. Za ki sunkuyar da kai ki ce "To," a tafa miki, daga nan shi ke nan. Na sani domin ni ma haka na yi, kuma ban ma jira aka tsayar da ni ba, ni na miƙa hannu.

Bari in tuna miki zancen kofuna. Kin gan shi da idonki, amma kina yarinya a lokacin, kin ɗauka haka ake yi.

Cocinmu yana da 'yan ƙananan kofunan nan na Jibi, waɗanda ake jerawa a faranti mai ramuka. Mutane suka yi yawa, kofuna ba su ƙaru ba. Sai aka samo dabara. Dattawa su zaga da faranti layukan gaba, a sha, a fito da kofunan ta ƙofar gefe, a wanke su a bokiti, a sake cika su, a mayar wa layukan baya. Dabara mai kyau ƙwarai, sai dai tana buƙatar mutum ɗaya da zai tsaya a waje. Ni ce wannan mutumin. Ranar Asabar in dafa zoɓo in tace shi har sai ya yi garau, in yanka burodi ƙanana daidai wa daida. Ranar Lahadi ina bayan coci da bokiti da butar shayi, ina jin waƙa ta taga. Kafin in gama ɗauraye na ƙarshe fasto ya riga ya sa albarka, mutane suna fitowa suna gaishe ni da aiki. Abin da ya rage a buta in shanye shi a tsaye kusa da famfo, kamar mai kashe ƙishi. Haka na yi shekaru kusan ashirin.

Da aka kawo mana sabon fasto, Fasto Dauda, ya yi 'yan watanni sai ya aika a kira ni ofis. Na tarar da shi tare da Dattijo Bitrus, babban dattijon coci. Faston ya yi ta murza hannu, sannan ya ce, "Mama, ki gafarce ni, ni baƙo ne. Tun zuwana ban taɓa ganinki zaune a lokacin Jibi ba. Ko kina ƙarƙashin horo ne? In wani abu ne ya faru tun zamanin fastocin baya, a faɗa, a yi addu'a, a maido ki."

Kin san waɗanda ake hana Jibi a cocinmu: wanda aka kama da laifi, aka zaunar da shi a bencin baya har sai ya tuba. Wato bawan Allahn nan ya yi watanni yana kallona yana tunanin wane irin abin kunya na aikata da har yanzu ba a yafe ba.

Dattijo Bitrus ya fashe da dariya har da buga gwiwa. Ya ce, "Haba Fasto! Wannan ai ita ce Jibin gaba ɗaya. In ta shigo ciki, wa zai wanke kofi?"

Fasto ya yi dariya don kunya. Ni ma na yi. Na ce ko za a ƙaro kofuna? Dattijo ya ce ana ginin katanga, a bari tukuna. Na ce to, na koma ga bokitina.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne maganar Dattijo Bitrus ta yi mini daɗi. Ni Ladi, da digirina, da aikina na duba makarantu, wadda in hedimasta ya fara yabon atamfata na san rufin ajinsa yana yoyo. Amma an ce mini "ita ce Jibin gaba ɗaya," na tafi gida ina jin kaina a sama. Mazinaci yakan yi wata shida a bencin baya a maido shi da waƙa. Ni na yi kusan shekara ashirin a waje ba tare da laifin komai ba, kuma ina godiya.

Don haka ki ji ni da kyau. Duk aikin da zai fitar da ke daga sujada kowace Lahadi, ki ƙi shi, ko da da wane suna mai tsarki aka kira shi. In dole wani ya tsaya a waje, a yi karɓa-karɓa, kuma dattawa ma suna da hannuwa. Ban taɓa jin inda ruwan bokiti ya cire wa namiji dattijantaka ba.

Zancen addu'a kuwa, wadda ta fara faɗa mini gaskiya ba 'yar cocinmu ba ce. Hajiya Rabi ce, wadda muka yi ofis ɗaya da ita a ma'aikata, mai kawo miki alkaki da Sallah. Ita in lokacin azahar ya yi, ko hedimastoci sun yi layi har bakin ƙofa, sai ta rufe fayil, ta ɗauki buta, ta ce, "Malam, ka sami wuri ka zauna, ina zuwa." Su zauna. Ba wanda ya taɓa kai ƙararta, ba wanda ya ce ba ta son jama'a. Ni kuwa lokacin hutun nan nake buga waya ina neman wanda zai kawo itace, da wanda zai ɗauko kujerun makoki.

Wata rana ta dawo tana gyara mayafi, ta tsaya tana kallona da waya a kunne da biro a baki. Ta ce, "Ke Ladi, kullum coci, kullum coci, amma ban taɓa ganin kin yi shiru da Ubangijinki ba. Ku a guje kuke gaishe shi?"

Na ce, "Mu ba a ƙayyade mana lokaci ba, Hajiya. Ko'ina muke, ko yaushe ne, muna iya addu'a."

Ta ce, "To, ko yaushen ne ban taɓa gani ba."

Na ce mata ta je ta ji da fayil ɗinta. Amma ta faɗi daidai. An ba mu 'yancin zuwa gaban Allah a kowane lokaci, ni kuma na mai da shi lokacin da ya rage bayan an gama da kowa, kuma ba a taɓa gamawa da kowa ba. Ina yin addu'a, kada ki ce ba na yi. Ni ce mai buɗe taro da addu'a, ni ce mai rufewa, na iya jera kalmomi har mata su ce amin da ƙarfi. Amma in rufe ƙofa ni kaɗai, ba mai ji, ba mai cewa amin, wannan na manta yadda ake yinsa. Randa na gwada, na zauna na rasa abin faɗa, kamar wadda aka haɗa da dangin da ta daɗe ba ta ziyarta ba.

Gidan fasto ba ya rabuwa da sallama, Rahila. Tun kafin ki wanke fuska za a fara. Ki zaɓi lokacinki da safe, ki gaya wa Iliya, ki bar waya a kicin, ki rufe ƙofa. Wanda ya zo ya sami wuri ya zauna. In haihuwa ce ko hatsari, za ki gane daga irin bugun ƙofar. Sauran duk suna iya jira, kuma za ki yi mamakin yadda rabinsu za su warware matsalarsu da kansu kafin ki fito.

Yanzu sai jiki. Wannan ba sai na ba ki labari ba, ke kika zauna a gefen gadona, kina ajin ƙarshe a makarantar nas. Ranar godiyar kaka ce, ina juya dafa-duka a tukunyar nan da suke so, ƙasa ta juya da ni. Likita ya daɗe da gaya mini jinina yana hawa, ya rubuta magani. Ina sha in na tuna. Ranar komawa asibiti kuwa kullum sai ta faɗo kan jana'izar wani ko bikin wata, ni kuma in ce jikina zai jira. A lokacin har ina ganin wannan a matsayin bangaskiya. Sakaci ne kawai, na ɗaura masa ɗankwalin zumunta.

Abin da ba ki gani ba, don kin fita sayo magani, shi ne zuwan Dattijo Bitrus. Ya shigo da ledar lemo, ya yi addu'a mai tsawo, har ya ambaci yadda na zama ginshiƙi. Ya ce amin, ya gyara hula, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Sannu Mama, Allah ya ƙara sauƙi. Af, makullin ɗakin tukwane fa? Jibi ya kusa."

Bakina a karkace yake a lokacin, ban iya amsawa ba, kuma wataƙila alheri ne Allah ya yi masa. Babanki, wanda kin san bai cika magana ba, ya buɗe jakata, ya ciro makullin, ya sa masa a tafin hannu ya ce, "Ga shi, Dattijo. Kada ya sake kwana a gidana."

Kin san abin da ya faru bayan nan? Kafin Jibi na gaba an sayo kofuna. Sababbi fil, har sun yi yawa, wasu suna cikin kwali har yau. Katanga dai ba a gama ta ba, amma kofuna sun samu. Ashe tun farko abin da ya hana a saya shi ne akwai ni. Muddin akwai wata mace da za ta tsaya a rana da bokiti, me zai sa kwamiti ya zauna? Talatu, yarinyar nan da na sha korarta daga kicin don na ce ba ta iya ba, ita ta dafa zoɓo. Ta zuba citta kamar na sayarwa a tasha, coci duk ya ɗauki tari. Ba wanda ya rasa cetonsa. Wata na biyu ta rage cittar, wata na uku ta fi ni iyawa. Da na bar ta tun farko, da ta iya tun da daɗewa. Wannan ma ki riƙe: mai yin komai da kanta tana hana wasu koyo, sannan ta zauna tana ƙorafin ba mai taimako.

Ranar da na fara zama a ciki, da sandata, a layi na uku, faranti ya iso gabana. Na ɗauki kofin. Mutane sukan ce a irin wannan lokaci hawaye suke yi. Ni fushi ne ya zo mini. Na dubi ɗan kofin nan da na wanke sau ba adadi, na ji ana cewa jinin Almasihu ne da aka bayar domina, ni ma, ba sai na yi komai ba. Na ce a raina, ashe wannan ne ake yi a ciki duk shekarun nan, ni ina waje ina lissafin ko zoɓo zai isa. Na roƙi gafara saboda fushin, na sha. Fushin ya ragu, amma kamar yadda kike gani bai ƙare ba.

Ina kallonki, Rahila. Kina cin abinci a tsaye. Kin dawo daga aikin kwana ki wuce kai tsaye koyon waƙa. A addu'ar safe ta gida kanki yana faɗuwa kafin Babanki ya kai rabi, ko da yake na yarda addu'arsa tana da tsawo. Maganin gyambon ciki yana cikin jakarki, a shekarunki. Kina gaya wa marasa lafiya su huta, su ci a kan lokaci, su dawo ranar da aka ce, ke kuma ba ko ɗaya. Mama Jummai ta ce kin gaje ni, kuma gaskiyarta ne. Shi ya sa nake rubutu.

Kada ki ɗauka ina cewa ki naɗe hannu. Ban haifi 'yar da za ta ga mai yunwa ta kau da kai ba, kuma wanda muke bi ya yi wa mutane hidima har ya ba da ransa. Amma shi ma yakan bar taro ya keɓe ya yi addu'a, yakan ci, yakan yi barci, alhali marasa lafiya ba su ƙare a gari ba. Ban san daga ina matan cocinmu suka samo cewa su sun fi shi juriya ba. Ni yanzu aiki ɗaya nake yi. Duk Alhamis ina zuwa Kinkinau wurin Mama Hannatu, gwauruwar nan da idonta ya tafi, in karanta mata Maganar Allah, mu yi gulmar 'ya'yanta kaɗan, mu yi addu'a. A zaune nake yinsa, kuma ina jin abin da take faɗa. Da can na kai wa mutane da yawa abinci, amma ban tsaya na ji ko ɗaya ba, don wata tukunyar tana kan wuta.

Game da Iliya, yaron kirki ne, ina sonsa. Amma ki sani shi coci ya ɗauka aiki. Ke suna kallonki ne kamar gyaran da mai tumatir ke ƙarawa bayan an gama ciniki. Shi ma, da yake sabo ne, yana son dattawa su ce an kawo musu fasto mai mata ta gari, kuma ba zai ga kina ramewa ba sai wani ya nuna masa, don maza ba sa ganin abin da ke gabansu kullum. Babanki sai da ya gan ni a gadon asibiti. Ki zaunar da Iliya kafin Lahadin nan, tun ana cikin daɗin amarci, lokacin da ba ya iya ce miki a'a. Ki gaya masa abin da za ki faɗa, ki ce kina so ya tsaya kusa da ke sa'ad da kike faɗa.

In sun tsayar da ke, ki gode musu, ki gode musu sosai, suna son wannan. Sannan ki ce, "Iyayena, ina da aikin asibiti, wanda shi ma hidima ce. A cikin waɗannan zan ɗauki ɗaya in yi shi da dukan zuciyata. Sauran a raba." Ki zaɓi wanda kike so, ni dai da makarantar Lahadi zan ce, don yara suna sa ki dariya, kuma ana tashinsu kafin wa'azi. Daga nan ki yi shiru. Wurin zai yi tsit, wata za ta yi tsaki a baya, wani dattijo zai yi gyaran murya ya ce matar fasto ta baya ba haka take ba. Ki tambaye shi a ranki ina take yanzu. Kada ki cike shirun nan da "amma in ba kowa zan gwada." A daidai wannan wurin ne kullum nake faɗuwa. Za su yi maganarki wata ɗaya ko biyu, su ce 'yar boko ce, su ce uwarta ce ta zuga ta. Na biyun gaskiya ne, ki ce musu ina Unguwar Shanu, gida mai baƙar ƙofa, ina kuma da kunun aya.

Ranar Jibinku na farko zan zo. Na riga na gaya wa Babanki ya duba mota. Zan shiga in zauna in duba layin da matar fasto ke zama. In na gan ki, ba za ki ji bakina ba, zan sha nawa in yi waƙa in koma gida. In ban gan ki ba, zan tashi da sandata a tsakiyar sujada, in zaga bayan cocin, in kamo hannunki da kumfarsa, in shigo da ke ta babbar ƙofa a gaban mijinki da dattawansa. Kin san zan iya. Ki taimake ni kada in fara zumunci da surukaina ta wannan hanya.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya kiyaye ki a hanyar Zariya safe da yamma, ya ba ki lafiyar jiki da barci mai daɗi. Ya ba ki zuciyar taimako, ya kuma ba ki bakin cewa a'a ba tare da kin yi rashin kunya ba. Ya sa ki san muryarsa a ɗakinki kafin ki san ta a taro. Ya albarkaci gidanku ke da Iliya. Amin.

Yanzu ki ajiye takardar nan, ki fito ki ci abinci. Na sa miki kujera.

Mahaifiyarki,
Ladi